Kan Matar Burtu

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu zaman tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

"To ku matso. Kun dai san burtu ko? Baƙin tsuntsun nan babba, mai dogon baki, wanda yake tafiya a ƙasa kamar dattijo."

"Mun san shi!"

"Madalla. Ta yau tasa ce. Ba ta da daɗi sosai, amma ku saurara."

A can da, akwai wani dogon tsauni. Awakin dutse suna kiwo a gindinsa. A lokacin ba sa hawa can sama sai in tsoro ya kore su. Suna da wata tsohuwa, ana ce mata Uwar Garke. Ita ce hancinsu, ita ce kunnensu, ita ce idonsu. In ta ce a gudu, ba mai tambayar dalili.

Burtu da matarsa maƙwabtansu ne. Awaki na kiwo, fara na tashi daga ciyawa, Burtu na cafkewa. Ba mai tsoron wani.

Ana nan, matar Burtu ta yi ƙwai biyu a wani ɗan kogon dutse. Ran nan wani Bunsuru mai dogon gemu yana tsalle-tsallensa na banza, ya ture dutse. Dutsen ya gangaro ya fasa ƙwai ɗaya.

Burtu ya je ya same shi. Ya ce, "Bunsuru, ka fasa mana ƙwai."

Bunsuru ya ce, "Nawa ne da ma?"

"Biyu."

"To ai da saura. Ni na ce ku yi ƙwai a kan hanya?"

Ya kaɗa gemu, ya yi dariya, ya wuce.

A ranar Burtu da matarsa suka ɗauke ƙwan da ya rage, suka koma kogon wata kuka, can sama inda akuya ba ta isa. Da Uwar Garke ta ji abin da ya faru, ranta ya ɓaci. Ta yi wa Bunsuru faɗa. Ta ce, "Ba ni da fiffike, ba zan iya hawa kuka in yi wa matar Burtu jaje ba. Amma ranar da ta fito daga kwanci, ni da kaina zan tare ta in ba ta haƙuri."

A cikin kogo kuwa, matar Burtu ta dubi mijinta. Ta ga ya ƙi cin abinci.

Ta ce, "Maigida, ka bar maganar nan. Ɗaya ya rage mana. Bari in ƙyanƙyashe shi lafiya."

Burtu ya ce, "Na bari."

Amma bai bari ba.

To, a ƙauyen da ke bayan tsaunin akwai wani maharbi, sunansa Mantau. A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Rumbunsa ba komai sai ɓera, shi ma ɓeran ya rame. Matarsa Kyauta tana dafa ganyen tafasa da ruwa, 'ya'ya na sha suna kallonta. Mantau ya ɗauki baka, ya rataya kwari, ya ce, "Zan je wa awakin dutse."

Kyauta ta ce, "Ubanka bai taɓa samun su ba, kakanka ma bai samu ba."

Ya ce, "Su ba su yi irin wannan yunwa ba."

Ya je gindin tsauni. Ya hango awaki. Ya fara sanɗa. Bai kai ko'ina ba, Uwar Garke ta ɗaga hanci, ta rera:

"Iska ta kawo mini labari,
Warin hayaƙi, warin gumi,
'Ya'yana, sama, sama!"

Fir! Awaki suka haye dutse. Mantau ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Sai ya ji murya daga saman wani dutse. "Sannu, maharbi. Farauta kake ko shelar zuwanka?"

Ya ɗaga kai, ya ga Burtu. Ya ce, "Sauko mana mu gaisa."

Burtu ya ce, "Daga nan ma ina jinka. Na san iyakar inda kibiyarka take kaiwa."

"To me kake so?"

"Akwai wani Bunsuru mai dogon gemu. Shi nake so ka harba. Shi kaɗai. In ka yarda, zan koya maka yadda za ka zo musu ba su sani ba."

Mantau ya ce, "Nama ai nama ne. Na yarda. Kuma a al'adarmu ta maharba, wanda ya nuna nama, hanta tasa ce."

Burtu ya ce, "Ka ɗebo toka a burgaminka. In ka zo, ka saki kaɗan a iska. Inda ta nufa, can warinka ya nufa. Ka zagaya har sai iska tana bugun fuskarka. Ka shafe jikinka da kashin awaki. Ka daina zama kusa da murhu. Ka daina cin daddawa."

Mantau ya ce, "Daddawa kam yunwa ta riga ka hana ni."

Washegari ya dawo. Ya saki toka, ya ga inda ta nufa, ya zagaya. Ya shafe jiki da kashin awaki har shi kansa yana toshe hanci. Ya yi sanɗa. Ya wuce inda ya tsaya jiya. Uwar Garke ta shinshina, ba ta ji komai ba. Mantau ya ƙara sauri. Takalminsa ya goga a tsakuwa, ƙarar! Kibau suka kaɗa a cikin kwari, kwal-kwal! Uwar Garke ta miƙe kunne, ta rera:

"Dutse ya kawo mini labari,
Ƙarar takalmi, ƙarar kwari,
'Ya'yana, sama, sama!"

Fir! Suka haye.

Burtu ya ce daga saman dutsensa, "Jiya shela, yau kuma kiɗa. Gobe mai kakaki za ka zo da shi?"

Mantau ya ce, "Kai kana da bakin ba'a, domin cikinka cike yake."

Burtu ya ce, "Ka tuɓe takalmi. Ka cusa ciyawa a kwari, kibau su yi shiru. Ka taka dutsen da ya kafu, kada ka taka tsakuwa. In sun sunkuya suna tauna, ƙarar haƙoransu ta cika musu kunne, to ka matsa. In sun ɗaga kai, ka daskare kamar kututture, ko da kunama ce ta hau ka."

Da Burtu ya koma kuka, matarsa ta ce, "Maigida, kwana biyun nan kana dawowa da fara'a. Ina kake zuwa?"

Ya ce, "Neman fara."

Ta ce, "Ban ga farar ba."

Ta gyara kwanciya a kan ƙwanta. Ta ce, "Na ji ya fara motsi. Saura kaɗan."

Rana ta uku Mantau ya dawo. Toka, kashin awaki, ƙafa ba takalmi, kwari shiru. Awaki suka sunkuya, ya matsa. Suka ɗaga kai, ya daskare. Ƙaya ta soke shi, bai ce uffan ba. Ya zo har bakin wani fili, inda ciyawa ba ta wuce gwiwa ba. Ya kwanta ya yi rarrafe. Saura ƙiris su shiga inda kibiya take kaiwa. Amma dole ya ga inda Bunsuru yake. Ya ɗago kai a hankali. Uwar Garke ta waiwayo, ta rera:

"Ido ya kawo mini labari,
Kai a ciyawa, ba ƙaho, ba gashi,
'Ya'yana, sama, sama!"

Fir! Suka haye.

Yau Mantau bai dafe kai ba. Ya zauna kawai yana kallon ƙafafunsa da suka yi jini. Ya ce, "Burtu, ƙaramin ɗana ya daina kuka. Ba ƙoshi ya yi ba, ƙarfin kukan ne babu. Faɗa mini ta uku."

Burtu ya ce, "Ta uku ba ta da magani. Kanka ne. Kan mutum ba ya ɓoyuwa a fili."

"To ka shige gaba, ni in laɓe a bayanka."

"Ni? Allah ya kiyaye! Kada a ga fuskata a cikin wannan magana. Maƙwabtana ne. Da su zan ci gaba da zama."

Mantau ya ce, "Kai ba sa gudunka?"

Burtu ya kumbura. Ya ce, "Gudu? Duk dabbar da ta hango kan nan namu a saman ciyawa, hankalinta kwance yake. Ta san inda muke ba maharbi. Dubi yadda nake tafiya."

Ya taka a hankali, ya tsaya. Ya sunkuyar da baki kamar ya caki fara. Ya ɗago, ya juya kai dama, ya juya hagu, ya gyaɗa.

Mantau ya ce, "Kai, wannan tafiya sai sarakuna. Sake yi in gani."

Burtu ya sake.

"Ƙara ɗaya."

Ya ƙara. Sannan ya lura Mantau ba ƙafafunsa yake kallo ba. Ya ce, "Me kake kallo haka?"

Mantau ya ce, "Kyan halitta."

Burtu ya ji daɗi. Ya ce, "To ka san dabarar da za ka yi. Ni gobe da sassafe zan tafi fadama, can nesa, inda kowa zai gan ni. In abin ya faru, kada a ce ina kusa. Abu ɗaya kawai. Kada ka bi ta gindin kukar can. Matata tana kwanci a kogonta, kada ka firgita ta. Ba ta tashi daga kan ƙwan nan."

Mantau ya ce, "Ba ta tashi?"

"Ko gobara ce ba ta tashi."

Mantau ya ce, "Na ji."

"Wayyo, Gwaggo! Don me ya faɗa masa?"

"Yi shiru, Hansai. Ni ma da ina wurin da na rufe masa baki. Amma ya riga ya faɗa."

Gari na wayewa Burtu ya tafi fadama. Ya gaida kada, ya gaida belbela, ya gaida kwaɗo, har da waɗanda bai saba gaidawa ba, don kowa ya shaida.

Mantau kuwa ya nufi kuka. Ya hau. Ya leƙa kogo. Matar Burtu ta gan shi, ta ga wuƙa. Ƙofa a buɗe take ta ɗaya gefen, da ta so da ta tashi. Ta dai ƙara baje fiffike a kan ƙwanta.

Ta ce, "Bawan Allah, ka bar ni in ƙyanƙyashe shi. In ya fito ka dawo."

Mantau ya ce, "Nawa 'ya'yan ba za su kai lokacin ba."

Ya sa mata wuƙa.

Ya yanke kanta, ya sauko da shi. Ya sari wani itace mai lanƙwasa kamar wuya, ya ɗora kan a kai, ya ɗaure da tsirkiya a goshinsa. Ya lulluɓa da baƙin zane. Ya saki toka a iska, ya zagaya. Ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa ya shiga ciyawa.

Ya matsa kaɗan, ya tsaya. Ya sunkuyar da baki kamar ya caki fara. Ya ɗago, dama, hagu, ya gyaɗa.

Uwar Garke ta shinshina. Iska ba ta kawo mata komai ba. Ta miƙe kunne. Dutse bai kawo mata komai ba. Ta duba, ta hango kai a saman ciyawa, da ɗan tabo a gefen baki. Ta san tabon.

Ta ce, "Kai, ku dubi wadda ta fito! Matar Burtu ce. Ku zo mu yi mata barka da fitowa."

Awaki suka taso. Bunsuru kuwa yana can nesa a kan dutse yana sosa gemu. Uwar Garke ta ce, "Kai ma zo. Kai ya kamata ka fara."

Ya ce, "A kan ƙwai ɗaya? Ku dai ku je."

Uwar Garke ta wuce gaba. Ta ce, "Sannu, 'yata. Barka da fitowa. Ya jiki?"

Kan ya gyaɗa.

Ta matso. Ta ce, "An ƙyanƙyashe lafiya? Namiji ne ko mace?"

Kan ya juya dama, ya juya hagu.

Ta ce, "Ba ki amsa gaisuwata ba. Har yanzu fushi kike, kuma kina da gaskiya. Tun ranar nan abin yana cina. Yaron nan ba shi da kunya, amma ni na haife shi. Laifin nawa ne. Ki yi haƙuri, 'yata."

Ta ƙara matsowa. Ta sunkuyar da kai ƙasa, yadda babba yake yi in ya zo ba ƙarami haƙuri.

A ƙarƙashin zane Mantau ya duba. Bunsuru na can inda kibiya ba ta kaiwa. Tsohuwa ga ta nan, har yana jin numfashinta. Ya ja baka.

Cak!

Uwar Garke ta faɗi. Ba ta samu ta rera waƙarta ba. Sauran awaki suka tsaya sororo, domin ba wanda ya ce su gudu. Sai da suka ga zane ya tashi tsaye da ƙafa biyu, sannan suka watse. Bunsuru ne ya riga kowa kaiwa sama.

Da rana ta karkata Burtu ya dawo daga fadama yana taƙama. A hanya ya haɗu da Mantau, akuya a kafaɗa. Burtu ya dubi akuyar. Ba gemu. Ya ce, "Wannan ai Uwar Garke ce! Ba haka muka yi ba."

Mantau ya ce, "Ita ce ta zo kusa."

Sai Burtu ya ga abin da ke lilo a jikin burgami. Ya ga tabon.

Ya ce, "Mantau. Me ka yi?"

Mantau ya ce, "Ka ce kan mutum ba ya ɓoyuwa, naku ne ba a gudu. Ka ce kada a ga fuskarka. To ba taka aka gani ba."

Ya ciro hanta, ya ajiye a kan dutse. Ya ce, "Ga rabonka. Mu maharba ba ma cin haƙƙin wanda ya nuna nama."

Ya wuce gida. A ranar an ɗora tukunya a gidan Kyauta, yara suka ci suka ƙoshi. Wannan kam gaskiya ne, ba zan ɓoye muku ba.

Burtu ya tashi zuwa kuka. Ya tarar da ita ba kai, fiffike a baje yadda ta bar shi. Ya ɗaga fiffiken. Ƙwai ya yi sanyi. A gefe ɗaya akwai 'yar tsaga, inda ɗan ya fara caka daga ciki.

Ya kwanta a kai. Ya kwana, ya wuni. Bai motsa ba, ƙwan ma bai motsa ba.

Daga baya ya fito, ya je gindin tsauni. Ba akuya ko ɗaya. Duk suna can ƙololuwa. Da suka hango kansa a ciyawa, suka ja da baya, suna turo duwatsu.

Ya ce, "Ni ne! Maƙwabcinku ne!"

Bunsuru ya leƙo daga sama. Ya ce, "Mun san ku yanzu. Matarka ta jawo mana maharbi. Da idonmu muka ga kanta. Uwarmu ta je ba ta haƙuri, ita kuwa tana gyaɗa kai tana jiran kibiya. Muguwa! A kan ƙwai ɗaya!"

Burtu ya buɗe baki. Ya so ya ce, ba ita ba ce. Ya so ya ce, ita ce ta ce a bar maganar. Amma in ya wanke ta, sai an tambaye shi wa ya koya wa maharbi toka, wa ya koya masa tuɓe takalmi, wa ya nuna masa kuka.

Bunsuru ya ce, "Kai dai mun ji kana fadama, kada da belbela ma sun shaida. Kana da abin cewa?"

Burtu ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Maganar ta tsaya masa a wuya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Gu-gu... gu-gu-gu."

Bunsuru ya ce, "Ka ji. Shi ma kunyarta yake ji."

Ya kaɗa gemu, ya juya.

Tun daga ranar awakin dutse suka tare a can sama, ba sa saukowa sai ƙishirwa ta matsa musu. Tun daga ranar maharba suke ɗaura kan burtu a goshi in za su yi wa nama sanɗa, kuma duk dabbar da ba ta ji wannan labari ba, tana tsayawa ta jira su. Shi kuwa Burtu, maganar da ya haɗiye tana nan a wuyansa. Ita ce ta kumbura ta yi ja. In kun ji shi da asuba yana gu-gu, gu-gu-gu, ƙoƙarin faɗa yake, har yau bai faɗa ba.

"Gwaggo, Bunsuru fa? Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi, Sallau. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, ya zama shugaban garke."

"Ai ba a yi adalci ba!"

"Ba a yi ba. Shi ya sa nake gaya muku. In an ɓata muku rai, ku faɗa da bakinku a gaban mutane, ko kuwa ku bari da gaske. Kada ku aiki mai wuƙa ya rama muku a ɓoye. Shi da yunwarsa ya zo, kuma na kusa yake samu. Na kusa kuwa, yawanci wanda ya zo gaishe ku ne."

Ƙurunƙus! Kan kusu ya ishe mu, na burtu a bar wa mai shi.